Na ƙera murhun ɓuntu: in yi masa rajistar mallaka ko in faɗa kasuwa kawai?

Mai Walda na Kura:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema, kuma wanda zai amsa don Allah ya sauko da bayanin ƙasa-ƙasa, don ni daga sakandaren koyon sana'a na tsaya na kama aiki.

Ni mai walda ne a Kura ta jihar Kano. Wanda ya san yankinmu ya san shinkafa ce abin yinmu rani da damina, albarkacin ruwan Tiga. Ya kuma san tsibin ɓuntun da ke bayan kowane injin casa, wani wurin har wuta ake cinna masa don a samu fili, ya kwana yana turnuƙe unguwa. Ga kuma mata masu gumi, kullum kukansu tsadar itace. Abin da ya sa ke nan na zauna na haɗa murhun da ba ya cin komai sai ɓuntu, mai ɗaukar tukunyar rabin duro.

Abu biyu ne a jikinsa nake ganin nawa ne. Na farko ragar ƙasa. Duk wanda ya taɓa hura ɓuntu ya san tokarsa ce masifar. Ba ta rugujewa kamar ta itace, tsayawa take da siffarta ta toshe iska, in ka zungure ta kuma wutar ta rufta. To na samo yadda mace za ta juya mariƙi daga waje, tokar ta zube, wutar sama tana nan tana ci. Na biyu shafen ciki, wani haɗi ne na yumɓu da nake yi wanda ba ya tsagewa, kuma yana hana ƙarfen cinyewa da wuri.

Yanzu haka guda biyu suna wajen gwaji, ɗaya a gidan yayata, ɗaya a wurin wata maƙwabciyarta, kuma sun ce ba su koma kan itace ba sai na kunnawa. Sai ga wani Alhaji mai harkar injina ya ji labari, ya zo ya ce in ba shi ɗaya ya kai wa wani kamfani su gani, in sun yaba a riƙa bugawa da yawa ana ba ni kaso. Ban ce masa a'a ba, ban kuma ba shi ba. Wani abokina ya ce kada in kuskura sai na yi takardar mallakar ƙirƙira a Abuja. Na tambayi wani wakili, kuɗin da ya kira mini sun isa in sayi ƙarfen murhu masu yawa in sayar. Ni kuma jarina ke nan, ba ni da na biyu.

Tambayata: takardar nan tana hana a kwaikwaye ni da gaske? Ko in bar ta in zuba kuɗin a ƙarfe? Alhajin kuma me zan ce masa?

Ɗan Bunkure:

Masha Allah, Allah ya ƙara basira. Saka mana hoto ko ɗan bidiyo mu gani mana, musamman ragar. Gidanmu ma gumi ake yi.

Barista (Kaduna):

Wa alaikumus salam. Malam, kafin komai: kada ka saka hoton nan. Ɗan'uwa na Bunkure ka yi haƙuri, na san da zuciya ɗaya ka nema. Zuwa yanzu Malam ya faɗi abin da ragar take yi, bai faɗi yadda take yi ba, to ya tsaya a nan.

Ga dalili. Dokar da ke aiki a Najeriya kan wannan ita ce ta 1970, kuma sharaɗi uku ta gindaya: abin ya zama sabo, ya zama akwai dabara a cikinsa wadda ba kowane ma'abocin sana'ar ne zai hango ta kai tsaye ba, kuma ya zama ana iya ƙera shi a yi aiki da shi. Sabo a wurin doka ba sabo a Kura ba ne, ba kuma sabo a Najeriya ba. Duk abin da ya riga ya fita ga jama'a a ko'ina a duniya kafin ranar da ka shigar da takarda, a rubuce ne, da baki ne, ko ta hanyar amfani da shi a fili, ya tashi daga sabo. Kuma ba ruwan doka da wanda ya fitar. Kai da kanka in ka ɗora bidiyon cikin murhun a Facebook ko TikTok yau, ka ba duk wanda zai yi jayayya da kai gobe hujja. Rangwame ɗaya dokar ta yi, na wanda ya nuna abinsa a bajekolin ƙasa da ƙasa da hukuma ta amince da shi, shi ma cikin wata 6 kafin shigar da takarda.

Wannan ya kawo mu kan guda biyun da ke wajen gwaji. In ba sayarwa ka yi ba, kuma an fahimci juna cewa gwaji ne a rufe, da sauƙi. Amma gidan gumi gidan shige da fice ne. Ka je ka ja musu kunne a gaban shaida cewa kada a bar kowa ya buɗe ƙasan ko ya ɗauki hoto, in da hali a rubuta su sa hannu.

Abu na biyu, a tsarinmu wanda ya riga shigar da takarda shi doka ta fara sani, ko da ba shi ya riga ƙerawa ba. In wani ya ɗauki dabararka ba da yardarka ba ya yi rajista da sunansa, dokar ta ba ka damar neman a mayar maka, amma kai za ka yi ta ɗawainiyar kawo hujja. Don haka littafin da kake zane a ciki, da rasiɗan ƙarfe, da hotunan da ke wayarka masu kwanan wata, ka adana su. Ba sa maye gurbin rajista, amma ranar rigima su ne bakinka.

Abu na uku shi ne wanda wakilai ba su cika faɗa wa mutane ba. Ofishin rajistar da ke ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da kasuwanci a Abuja ba ya binciken ko abinka sabo ne. Cikar takardu yake dubawa, in sun cika ya ba ka. Dokar ma ta faɗa ƙarara cewa ana bayarwa ne ba tare da lamunin ingancinta ba. Wato samunta ba wuya, sai dai ba a san ƙarfinta ba sai ranar da aka je Babbar Kotun Tarayya, inda wanda ka kai ƙara zai fara da cewa a soke ta don abin ba sabo ba ne. Takardar fili ce, ba katanga ba: tana nuna naka ne, amma ba ta tare mai shigowa, kai za ka kai shi ƙara da kuɗinka. Tana aiki shekara 20 daga ranar shigarwa, kuma kowace shekara akwai kuɗin da ake biya, in aka daina ta mutu.

Kan tsada kuma, kafin ka biya wakili ka tuntuɓi NOTAP, hukumar gwamnatin tarayya mai kula da samowa da bunƙasa fasaha, a Abuja. Cikin ayyukanta akwai taimaka wa masu ƙirƙira na gida su shigar da takardunsu, tana ɗauke musu kuɗin rajistar, kuma tana da ofisoshin haɗin gwiwa a jami'o'i da kwalejojin fasaha da dama. Sai dai ka shirya haƙuri, aikin hukuma ne.

Tsohon Injiniya:

Barista ta gama magana ta fuskar doka. Ni ta fuskar ƙarfe zan zo, kuma ɗana ka yi haƙuri da abin da zan faɗa, gara ka ji shi a nan kyauta.

Murhun ɓuntu ba sabon abu ba ne. A Biyetnam an daɗe ana amfani da wani mai siffar mazurari, ɓuntun yana gangarowa da kansa. A Filifin akwai injiniya Alexis Belonio, wanda ya ƙera mai ɗan fanka da ke mayar da ɓuntu iskar gas, harshen wutarsa shuɗi kamar na gas ɗin girki. Ya samu lambar yabo ta Rolex a 2008, kuma zanen nasa ya sake shi kyauta, yana nan a intanet kowa na iya saukewa. Matsalar tokar da ka faɗa ma duk sun yi fama da ita, don ɓuntu cike yake da sinadarin yashi, shi ya sa tokarsa ke tsayawa ƙiƙam. Saboda haka in ka rubuta wa Abuja cewa ka ƙirƙiro murhu mai cin ɓuntu, za su ba ka takarda kamar yadda Barista ta ce, amma takardar banza ce, lauyan farko da ya buɗe kwamfuta zai yaga ta.

Abin da zai iya zama naka shi ne ragar, in har yadda ka haɗa ta ya bambanta da na mutane. Hanyar sani ɗaya ce, bincike. Ka samu yaro mai jin Turanci, ku zauna a kan Google Patents da Espacenet, shafukan intanet da ake duba takardun mallakar ƙirƙira na duniya, duka kyauta ne. Ku nemi murhun ɓuntu, ku nemi raga mai juyawa, ku nemi hanyoyin zubar da toka, har na tukunyar jirgin ƙasa ta zamanin kwal, don masu kwal sun fi shekara ɗari suna kokawa da toka. Yawancin takardun da zane suke zuwa, kai kuma mai walda ne, zane ba zai ba ka wuya ba ko da ba ka gane rubutun ba. In ka ga irin taka sak, ka huta da kashe kuɗi, kuma ka ƙaru da dabarun da wa'adinsu ya ƙare, waɗanda halal ne kowa ya ɗauka. In ba ka gani ba, to ka san daidai inda za ka kafa da'awarka, wato abin da za ka rubuta a takardar cewa shi ne naka kake neman kariya a kansa. Wurin rubuta da'awar nan kuwa kada ka yi rowa. In an rubuta ta da faɗi ta haɗiye na mutane a soke ta. In an ƙuntata ta har da kaurin rodi da yawan ramuka, wani ya ƙara rami ɗaya ya wuce abinsa.

Batun shari'a kuma, ka san da wa za ka yi. Robert Kearns, Ba'amurken da ya ƙirƙiro abin share gilashin mota mai tsayawa yana ci gaba, yana da takardunsa cif. Ya kai kamfanin Ford ƙara a 1978, bai ga kuɗi ba sai 1990. Ya samu fiye da dala miliyan 10, amma shekara 12 na rayuwarsa ta tafi a zirga-zirgar kotu, a ƙasar da ake cewa shari'a na sauri ke nan.

Akwai kuma wata hanyar. Marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Dutse, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya. Duk mai ginin tukwane zai iya yin ta, amma shi duniya ta sani da ita, shi ya karɓi lambar Rolex a 2000. Ban ce ka bi sawunsa ba, kai iyali kake ciyarwa da walda. Na dai faɗa ne don ka san suna ma jari ne.

Mai Injina, Kano:

Malam, ni ba lauya ba ne ba injiniya ba, injin niƙa da na casa nake sayarwa tun kana yaro wataƙila. Ka saurare ni.

A ce ka samu takardar. Murhunka ya fito ranar kasuwa, wani ya saya ya kai wa mai walda a Garun Malam, ya kwance shi da yamma, jibi ya fito da nasa. Wata mai zuwa ana yi a Haɗeja, ana yi a Argungu. Wa za ka kai kotu? Mutum hamsin masu rumfar kwano, waɗanda ko ka ci su da shari'a ba su da abin biyanka? Kuma a garinku kana kai ɗan'uwanka mai sana'a kotun tarayya a kan murhu, ai kai za a zaga. Duk injin da ke shagona kwaikwayon wani ne, kuma wanda ya ci kuɗinsa shi ne wanda ya riga cika kasuwa kuma kayansa ba sa dawowa.

Ni a ganina arzikinka na cikin shafen nan, ba ragar ba. Raga ido na ganinta, tef na auna ta. Haɗin yumɓu kuwa ko an farfasa shi ba a san me ka zuba ba, ba a san awonsa ba. Kada ka rubuta shi a takardar kowa. Ka riƙa haɗawa da hannunka a gida, yaran shago su ga gari kawai a buhu. Masu kwaikwayo za su yi nasu, ƙarfen ya cinye cikin 'yan watanni, matan da kansu za su ce a kai su wurin na asali. Ka buga sunanka da lambarka a jikin kowanne da ƙarfe, ba fenti ba. Ka yi alkawarin sake shafe kyauta karon farko, na gaba a biya. Ka bi ƙungiyoyin mata masu gumi ka ba su a kan biya kaɗan-kaɗan. In rajista kake so, yi wa sunan da tambarin, ita ce mai amfani a kasuwa.

Wuri ɗaya na yarda takardar Barista tana da rana: in za ka zauna da kamfani ko masu ba da tallafi. Su takarda suke ji. Ba ka da ita, me za ka sayar musu? Abin da suka riga suka gani?

Ɗan Maraɗi:

Gaisuwa daga Nijar. Ƙari ɗaya gare ni. Takardar Abuja iyakarta Najeriya, tana zuwa Jibiya ta tsaya. Mu nan muna cikin OAPI, ƙungiyar rajistar mallakar ƙirƙira ta wasu ƙasashen Afirka, mai mazauni a Yawunde, ƙasashe 17, ciki har da Nijar, Cadi, Kamaru da Benin, kuma rajista ɗaya ta game su duka. Najeriya ba ta ciki. Shinkafa kuwa ana yin ta a Gaya da Tilaberi, ana yi a Yagwa ta Kamaru, duk inda ake casa kuma akwai ɓuntu. A tsarin namu akwai ƙaramar rajista ta shekara 10 da aka yi don gyare-gyaren kayan aiki irin naka, sharuɗɗanta sun fi sauƙi. In ka shigar a Najeriya kana da wata 12 ka shigar a nan a lissafa maka da ranar farko. Ban ce ka yi yanzu ba, da sefa ake biya kuma ba arha. Ka dai riƙe lissafin watannin, kada su wuce ba ka sani ba.

Mai Walda na Kura:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba Injiniya, maganarka ta ɗan sosa ni da farko, amma ƙanena ya buɗe mini na Belonio a waya na gani. Nasa wata hanya ce daban, da fanka yake aiki, nawa kuwa ba ya son lantarki ko batir, don matan da nake yi wa ba za su saya da wannan ɗawainiyar ba. Raga masu juyawa kam mun gani da yawa, wasu tun na zamanin kwal kamar yadda ka ce. Har yanzu ba mu ci karo da mai irin haɗin tawa ba, amma ba mu gama ba.

Ga inda na karkata. Shafen ba zan rubuta shi ko'ina ba, na ɗauki maganar Alhaji Mai Injina. Ragar kuma in bincike ya nuna babu irinta zan bi ta NOTAP, ba don ina shirin kai masu walda kotu ba, wallahi ba zan iya ba, sai don in samu abin riƙewa in zan zauna da kamfanin can. Kuɗin hannuna ƙarfe zan saya da su in fara tara gangar jikin murhun, ragar in bar ta sai takarda ta shiga.

Barista, ranki ya daɗe, saura tambaya biyu. In na ɓoye haɗin shafen, ba zai ɓata takardar ragar ba? Sannan akwai yarona na shago, shi ya yanka ya kuma yi waldar yawancin ragar, har shi ya ce mu ƙara wani ɗan ƙarfe da ke hana mariƙin komawa baya. Yana da haƙƙi a ciki? Ba na son in ci na yaro.

Barista (Kaduna):

Ta farko, ba zai ɓata ba, muddin ragar kaɗai kake da'awa kuma tana aiki ko da wane irin shafe aka yi wa murhun. Abin da doka ke so shi ne ka bayyana abin da kake neman kariya a kansa sosai, yadda wani ma'abocin sana'ar zai karanta ya ƙera. In kuwa ragar ba ta aiki sai da shafen, to dole ya shiga bayanin, sai ka zaɓi ɗaya. Ka gwada ta a murhun da ba shafenka kafin ka je wurin mai rubutawa.

Ta biyu, wanda ya taya aiki kawai, yanka da walda bisa umarninka, doka ba ta ɗauke shi mai ƙirƙira ba. Amma ɗan ƙarfen da ya kawo shawararsa, in ya shiga cikin da'awar, to ya sa dabara, kuma haƙƙinsa ne a ambaci sunansa a matsayin wanda aka ƙirƙira tare da shi. Ambaton suna daban, mallaka daban: abin da ma'aikaci ya ƙirƙira a bakin aikin da aka ɗauke shi, mallakar mai gidan ce. Sai dai yaran shago yawanci ba takardar ɗaukar aiki tsakaninku, don haka kada ka bar shi a baki. Ku zauna da mahaifinsa ko wani babba, a rubuta cewa ya sallama maka mallaka, kai kuma ka rubuta abin da za ka ba shi, ko kaso ko kuɗi a dunƙule.

Shi kuma Alhajin, ka ce masa ya ɗan dakata har takardarka ta shiga ka karɓi lamba da kwanan wata. Bayan nan ma kada murhun ya bar hannunka sai shi da kamfanin sun sa hannu a yarjejeniyar riƙe sirri, da sunan kamfanin a rubuce, da ranar da za a dawo maka da shi. Wanda za ka ba su kuma ka yi masa shafen yumɓu na gama-gari. In ya ce shi ba ya sa hannu a takarda tsakaninsa da ɗan'uwa musulmi, ka tuna masa ayar bashi da ke ƙarshen Baƙara, ka ce ka ji ka kuma bi.